Maƙeri ya ce kayan adon Kaka ba gwal ba ne, in ajiye ko in ba yara?

Maman_Iman:
Assalamu alaikum 'yan zaure, shawara nake nema. Kakarmu ta rasu bayan babbar salla. Da aka zo fitar da kayan ɗakinta a gidanmu na Gangare sai aka ga wani tsohon gwangwanin biskit a ƙasan adakarta, cike da kayan ado: sarƙoƙi huɗu, 'yan kunne, awarwaro biyu masu kauri, da wasu abubuwan maƙalawa a ƙirji masu allura a baya. Kawu ya kai wa maƙerin gwal, ya goga a dutsensa ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce babu gwal ko ƙwaya, duk fashon ne, ko kuɗin motar da aka kawo su ba za su mayar ba. Shi ke nan kowa ya tsame hannunsa, aka bar mini gwangwanin tunda ni na yi jinyarta. To jiya da dare ina haskawa da fitilar waya sai na ga rubutu a bayan wasu. Ɗaya an sa Trifari da ɗan kambi a saman harafin T, 'yan kunne biyu an sa W. Germany, wata sarƙar jajayen duwatsu kuma Czechoslovakia. Wai tsohon fashon yana da wata daraja, ko in ba su Iman su yi wa 'yar tsana kwalliya?

UmmuHanifa:
Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta. Ni dai abin da ba gwal ba ban ɗauke shi kadara ba.

Hajiya_Rayfield:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi mata rahama. 'Yata, kar ki ba yara, ki ɗaga gwangwanin nan sama tun yau. Maƙerin bai yi miki ƙarya ba, shi nauyin gwal yake saye, abin da ba zai narke ya zama gwal ba a wurinsa tarkace ne. Amma akwai masu tara irin waɗannan, kuma ni ina cikinsu shekara goma sha. Trifari kamfani ne na birnin New York a Amurka. A 1930 suka ɗauki wani Bafaranshe, Alfred Philippe, wanda ya yi wa manyan gidajen lu'ulu'u irin su Cartier aiki, sai ya riƙa zana musu kayan ƙarfe da gilashi da tsarin da ake yi wa na gaske. Shi ya sa in kin juya bayan nasu za ki ga aikin a goge yake kamar gaban. Matar shugaban Amurka Eisenhower nasu ta sa a bikin rantsar da mijinta a 1953, kin ga ke nan ba kayan marasa hali ba ne. Duba mini abu ɗaya: kusa da sunan akwai ɗan harafin c a cikin da'ira?

Maman_Iman:
Amin Hajiya, na gode. Na duba, babu. Suna ne kawai da kambin.

Hajiya_Rayfield:
To madalla. A 1955 suka ci wata shari'a a kan wani kamfani da ya kwaikwayi zanensu, daga nan ne suka fara buga wannan c ɗin. Wanda babu shi yawanci kafin 1955 aka yi shi. Kin ga abin ya girmi mahaifiyarki wataƙila.

Baban_Sadiq:
Hajiya, da girmanki, amma bari in yi magana irin ta maigida. Matan nan namu ba don ƙyalli kawai suke sayen gwal ba. Asusu ne. Ranar da aka ce ga tiyata ko ga kuɗin makaranta, mace ta cire ɗan kunnenta ta je layin maƙera, kafin la'asar ta dawo da kuɗi a hannu. Wannan Trifari ɗin wa zai saya a Jos? Ki kai shi kasuwar Terminus ki gani in ba dariya za a yi miki ba. Daraja da babu mai saye a garinku ai labari ce.

'YarDilimi:
Baban Sadiq ya faɗi gaskiya wallahi. Ni na sayar da sarƙar lefena aka biya mana haya.

Hajiya_Rayfield:
Alhaji ban musa ba. Ban taɓa ce wa kowa ta sayar da gwal ta sayi fashon ba, kuma duk wadda ta shiga tara waɗannan don ta yi arziki za ta sha haushi. Yawancinsu ko a Turai kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, ƙalilan ne ake rububinsu. Ni abin da ya ja ni aikin hannun ne. Ka ɗauki na da ka ɗauki na yanzu da ake zubawa a faranti, ka juya bayansu. Na da, a da yawansu kowane dutse 'yan farata na ƙarfe ne suka riƙe shi, an lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Na yanzu gam ne, sati biyu dutsen ya faɗi ya bar rami. Araha ba ta ado.

Injiniya_Bukuru:
Ni namiji ne amma na shigo saboda W. Germany ɗin nan, don a jikin tsofaffin injinan kuza ma muna ganin sa. Wannan tambari shi kaɗai ya ba ki shekaru. Jamus ta Yamma ta wanzu daga 1949 zuwa 1990, to ɗan kunnen a tsakanin nan aka yi shi. Czechoslovakia kuma an kafa ta a 1918, ta rabu biyu a ƙarshen 1992. Abin sha'awa, kayan naki biyu dangin juna ne. Akwai wani gari a can da ake kira Jablonec, Jamusawa suna ce masa Gablonz, sana'ar mutanensa ke nan yin duwatsun gilashi, kuma tun zamanin Turawan mulki suke turo tsakiya da duwatsun wuya zuwa Afirka ta Yamma. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kori Jamusawan garin, suka je Bavaria suka kafa unguwa suka sa mata Neugablonz, wato sabuwar Gablonz, suka ci gaba da sana'arsu. Da yawa daga masu tambarin W. Germany daga hannun su suka fito.

Ummi_Farin_Gada:
Ikon Allah. Injiniya ka iya labari. Ashe gwangwanin biskit ɗin taswira ce.

Dillaliya_Rikkos:
Ku bari mai abin ta yi magana. Shekara ashirin da wani abu ina yawon gidaje da kaya, kuma uwata ma dillaliya ce, rumfarta tana cikin babbar kasuwa kafin gobarar 2002. Irin jajayen duwatsun nan da kike faɗa, Maman Iman, tsofaffi da yawa murjani suke ce musu, alhali gilashi ne. Murjani na gaske in kin duba da kyau akwai 'yan layuka a jikinsa, kuma ba ka samun biyu iri ɗaya sak. Na gilashi duk girmansu ɗaya, wani ma za ki ga layin inda aka haɗa shi a wajen zubi. Na sha ganin rigima a rabon gado a kan abin da ake zaton murjani ne, 'yan'uwa su ɓata, a ƙarshe a gane kwalba ce. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Amma kuma ban raina su ba. Zaren da aka shirya na da da shi, da ƙugiyar bayan, ba irin na yau ba ne. Ina da wata kwastoma 'yar Abuja da ta ce duk inda na ga tsofaffi in kira ta, ba ta son sababbi. Ban san me take yi da su ba, ni dai ina cin ladana.

Baban_Sadiq:
To ga mai saye ɗaya an samu, saura. Hhh.

Maman_Iman:
Anti Dillaliya haka ne, Kaka har ta rasu murjanina take cewa. Abin da ya ɗaure mini kai 'yan kunnen nan, ba na huda ba ne, matsewa suke yi a kunne. Kaka kuma huda uku gare ta a kowane kunne. Me za ta yi da na matsi?

Hajiya_Rayfield:
Wannan ma shaida ce. Matan Turawa na wancan lokacin da yawansu ba sa huda kunne, daga wajen 1930 har zuwa shekarun 1960 na matsi ne suke tashe a can. Mu kuma tun muna jarirai ake huda mana. Saboda haka ba don kasuwarmu aka yi su ba. Ko dai kyauta ce daga matar wani Bature, don kin san yadda Turawan kuza suka cika garin nan, in za su tafi gida sukan yi gwanjon kayansu ko su raba wa ma'aikata, ko kuma daga kantunan kwarori aka sayo.

Maman_Iman:
Allahu akbar. Kakanmu namiji direban kamfanin kuza ne a Bukuru kafin ya koma tuƙin kansa. Bari in tambayi Mama.

Injiniya_Bukuru:
Ina ma a ce za a iya bin diddigi. Fashon na shekarun 1930 da yawa da gamin kuza da dalma aka zuba shi. Wa ya sani, ƙila kuzar Filato ce ta je yawo ta dawo gida da kwalliya.

Nas_Zee:
Tunda Injiniya ya ambaci dalma bari in sa baki ta fannin aikina. Don Allah kar a ba yara tsohon fashon su yi wasa. Yaro komai baki yake kai wa, dalma kuma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro, ba ta nuna alama da wuri. Ga allurar bayan abin ƙirjin, ga ƙananan duwatsu da za su iya haɗiyewa. Na biyu, masu cewa fashon yana cin kunnensu, yawanci ƙarfen nikel ne jikinsu ba ya so. In kin ga wurin ya yi ja yana ƙaiƙayi yana ruwa, cire kawai, ba maganin da ya wuce haka.

UmmuHanifa:
Ni ke nan. Ko awa biyu na sa fashon sai kunnena ya kumbura. Shi ya sa na ce gwal ko babu.

Fati_Gwanjo:
Ni a kasuwar Katako nake samun nawa. In an fasa dila, wani lokaci sai ka ga abin ƙirji maƙale a jikin kot ɗin mata, ko ɗan kunne ɗaya a aljihu. Masu kayan ba su damu da su ba, wani ma kyauta yake ba ni in na sayi suwaita. Na samu masu sunan kamfanin Monet guda biyu da na kamfanin Coro ɗaya a haka, da wani mai duwatsu da in haske ya buge su sai su yi launin bakan gizo.

Hajiya_Rayfield:
Fati, mai bakan gizon nan ki riƙe shi. Wannan rufin kamfanin Swarovski na Ostiriya ne ya fito da shi tare da Christian Dior, mai zanen tufafin nan na Faransa, a 1956, to duk dutsen da kika ga yana wannan walƙiya ba zai girmi wannan shekarar ba. Na faɗa ne saboda wata mai talla a Instagram ta taɓa ce mini nata na 1920 ne alhali duk jikinsa bakan gizo ne. Na yi mata shiru na wuce. Coro kuma kamfanin ya rufe a Amurka a 1979.

Maryam_Tudun_Wada:
Ni dai tsakanina da Allah ba zan iya sa kayan wuyan wadda ban sani ba. Na Kaka daban, jininki ce. Amma na dila? Matar da ta mutu a wata ƙasa, ba ki san da me ta mutu ba, ba ki san me ke biye da abin ba. Ƙarfe da dutse suna riƙe abubuwa.

Fati_Gwanjo:
Yaya Maryam, suwaitar da kike sa wa yaranki da sanyin Disamba a garin nan, daga ina ta fito? Mai ita tana raye ne kika tabbatar?

Ummi_Farin_Gada:
Hhhh Fati ba ki da dama.

Maryam_Tudun_Wada:
Suwaita ana wanke ta da ruwan zafi. Ku kun ce wannan ba a sa masa ruwa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Malam_Anguwan_Rogo:
Assalamu alaikum. Na karanta tun daga sama, akwai abin da ba wanda ya taɓo. Malama Maman Iman, kin ce magada sun bar miki gwangwanin ne bayan maƙeri ya ce ba shi da daraja. Wato kyautar an yi ta ne a kan zaton abin banza ne. Yanzu tunda kin ji cewa wasu suna iya yin kuɗi, abin da ya fi tsira shi ne ki koma ki gaya wa kawunki da mahaifiyarki da sauran masu haƙƙi abin da kika ji, ko da kuɗin kaɗan ne. In sun ce sun bar miki duk da haka, kin ci halalinki da kwanciyar hankali. Dukiyar mamaci ba a raina ƙanƙantarta. Maganar abin da ke biye da ƙarfe kuwa, Malama Maryam, ba ni da wani dalili a kanta, a yi bismilla a sa.

Maman_Iman:
Malam na gode, wallahi hankalina bai kai nan ba. Gobe in sha Allahu zan je gida.

Baban_Sadiq:
Malam ya gama magana. Sai dai ki yi hattara yadda za ki faɗa, kar kawu ya ji an ce Amurka ya ɗauka miliyoyi ne, a zo ana zarginki kin ɓoye wasu.

Aisha_Gwarinpa:
Daga Abuja nake bin ku, 'yar Jos ce ni aure ya kawo ni. Baban Sadiq, game da tambayarka ta wa zai saya. A 1996 an yi gwanjon kayan Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka, a gidan gwanjo na Sotheby's, sarƙarta mai layi uku ta lu'ulu'un jabu, gilashi ne fa, an saye ta dala 211,500.

Baban_Sadiq:
Wuyan da ya sa ta aka saya, Hajiya Aisha, ba sarƙar ba. Kakar Maman Iman Allah ya jiƙanta ba matar Kennedy ba ce.

Aisha_Gwarinpa:
To ai maganar ke nan, labarin abu yana cikin kuɗinsa. Mu ne ba mu rubuta namu. Ni abin da ke ba ni takaici ma ba na Turawan ba ne, namu ne. Awarwaron gilashi na Masaga a Bida, da mundaye da zobban azurfa na maƙeran fari, waɗanda da yawa da tsofaffin kuɗin azurfa na Maria Theresa masu shekarar 1780 aka narka aka ƙera su. Nawa ne suka rage a ɗakunan iyayenmu? An kai an narkar an sayar a kan awo. Sai ka je gidan tarihi na Jos ka tsaya bayan gilashi kana kallon irin abin da kakarka ta bayar aka ba ta kwanon samira.

Dillaliya_Rikkos:
Wannan gaskiya ne, kuma da hannuna na kai wasu. Lokacin ba wanda yake so, amare cewa suke kayan ƙauye ne. Allah ya yafe mana.

Sadiya_Bauchi_Road:
Ku yi haƙuri in mayar da mu baya. Ni an cuce ni a wannan harkar. Na sayi abin ƙirji a wurin wata mai talla a intanet, ta ce tsoho ne na asali, har da suna a baya. Da ya iso sai na ga sunan a kan wani ɗan faranti aka liƙa shi da gam, ƙarfen ba nauyi kamar murfin kwalba. Na yi magana ta toshe ni. Hajiya Rayfield, yaya ake gane na gaske?

Hajiya_Rayfield:
Sannu Sadiya, kowa ya biya kuɗin makaranta a wannan abin, ni ma na biya. Suna shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa, don shi ya fi sauƙin kwaikwaya, kuma akwai na ƙwarai da ba su da suna sam, kamar na farkon kamfanin Miriam Haskell. Fara da nauyi a tafin hannu. Sai ki taɓa dutsen a kumatu, gilashi sanyi gare shi, roba ɗumi. Sai bayan: tsoho yana da gogewa a inda yake taɓa jiki da inda yatsa ke buɗe ƙugiya, in kuwa ko'ina sabo fil ne ko ko'ina an yi masa baƙi iri ɗaya, to tsufan na shafawa ne. In kin ga Sterling a jikin na Amurka, akwai yiwuwar na lokacin yaƙi ne, don daga 1942 an hana su sauran ƙarafa saboda makamai sai suka koma azurfa.

Maman Iman, ki sake duba sarƙoƙin da gilashin ƙara girma. In kin ga 750 ko 875 ko 916, gwal ne mai karat 18, 21 ko 22, ki kai wa wani maƙerin daban. In kin ga 1/20 12K GF, to kashi ɗaya cikin ashirin na nauyin gwal ne mai karat 12 aka lulluɓa. Kuma kar ki ƙara bari a ɗiga musu ruwan gwaji, yana cinye rufin.

Maman_Iman:
Ai ya riga ya ci, akwai tabo a bayan ɗaya. Awarwaron kuma fa? Kamar roba suke amma da nauyi, launin ruwan zuma, in suka haɗu sai su yi ƙwas ba irin ƙarar roba ba.

Injiniya_Bukuru:
Goga ɗaya da babban yatsa da ƙarfi har ya yi zafi, ki shinshina. In kin ji wari irin na tsohuwar rediyo ko soket da ya yi zafi, to Bakelite ne, robar farko da Leo Baekeland ya haɗa a 1907. Da ita ake yin wayar tarho ta da.

Maman_Iman:
Na goga har yatsana ya yi ja. Warin humrar Kaka kawai nake ji. Sai da na yi kuka.

UmmuHanifa:
Allah sarki. Allah ya kai haske kabarinta.

'YarDilimi:
Ki wanke su da omo da tsohon buroshi, ko ki goga toka da lemun tsami, za su fito fes.

Hajiya_Rayfield:
A'a a'a, 'yar Dilimi, wannan na tukunya ne! Duwatsun nan akwai ɗan rufi mai ƙyalli a bayansu kamar na madubi, in ruwa ya shiga sai ya mutu, dutsen ya dushe har abada. Busasshen buroshi mai laushi da auduga sun isa. In akwai mai koren tsatsa ki ware shi daban, yana kama na kusa da shi. Ki nannaɗe kowanne a ƙyallen atamfa mai laushi, ki jefa 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi saboda damshin damina. Turare da humra kuma a shafa su bushe kafin a sa sarƙa, su ne suke ɓare fatar lu'ulu'un jabu.

Maryam_Tudun_Wada:
Kun ji ko, abin da ba a wankewa.

Baban_Sadiq:
Duk wannan hidimar a kan abin da maƙeri ya ƙi. Ni dai in Maman Sadiq ta ce in sayo mata tsohon ƙarfen Jamus, sarƙar Dubai zan ƙara mata ko giram biyu ne.

Aisha_Gwarinpa:
Ka tura ta zauren nan tukuna mu ji ta bakinta.

Maman_Iman:
Na dawo daga gida. Mama ta ce abin ƙirjin da 'yan kunnen matsin matar manajan Kakanmu ce ta ba Kaka da za su koma Ingila, tun Mama ba ta shiga firamare ba, kuma Kaka ba ta taɓa sa su ba sai dai ta fito da su ta kalla ta mayar. Sarƙar jajayen duwatsun kuma a lefenta ta zo. Na faɗa wa Kawu yadda Malam ya ce. Ya yi dariya ya ce ya bar mini. Gwaggo ce ta ce ita a ba ta jan, ko kwalba ne na uwarta ne, na ba ta. Anti Dillaliya, kar ki kira 'yar Abujar tukuna.

Dillaliya_Rikkos:
To shi ke nan, amma in kin canza shawara kin san inda nake.

Fati_Gwanjo:
Hajiya Rayfield, Asabar za a fasa sabuwar dila. In na turo hoton bayan abin za ki iya ganewa, ko sai kin riƙe a hannu?